Yadda ake ziyartar Rabat da ganuwarta a tsibirin Gozo

Ɗan Kazaure ko Birnin Kudu da karatu ko fatauci ya kai ƙasar Malta, kada ya dawo gida bai tsallaka Gozo ba. Wuni ɗaya ya isa. Bizar Shengen da ta shigar da kai Malta ita ce dai, kuɗin ma yuro ne.

Ka yi sammako zuwa tashar jirgin ruwa ta Cirkewwa, can arewacin babban tsibirin. Tsallakawa zuwa Imjar, tashar jirgin ruwa ta Gozo, kamar minti 25 ne, kuma ba a karɓar kuɗi a tafiya, sai a dawowa ake yankar tikiti. Baƙi da yawa kan ɓata lokaci suna neman wurin biya. Akwai jirgi mai gudu daga Baleta, babban birnin Malta, minti 45, amma da iska ta tada igiyar ruwa ake dakatar da shi, musamman lokacin sanyi. Daga Imjar ka hau bas mai lamba 301. A jikin motar za ka ga Victoria, sunan da aka laƙaba wa garin a 1887 don girmama Sarauniya Biktoriya ta Ingila, amma mutanen wurin Rabat suke cewa. Wajen tsallaka titi ka fara duba dama, domin a hannun hagu suke tuƙi.

Daga dandalin kasuwa da suke kira It-Tok hanya ta miƙe sama zuwa ganuwar, wato tsohon garin da aka kewaye da garu a kan tudu. Hawan bai kai na Dutsen Dala wuya ba, sai dai daɓen dutsen ya sha sawu har ya yi santsi, silifas zai iya kayar da kai. Ka riƙe gorar ruwa, ka hau kafin ƙarfe 10, don sama babu inuwa.

Shiga kyauta ne. Gidajen tarihin ciki ne ke da tikiti, majami'ar da ke ciki ma da nata daban. Ka fara da kewaya kan ganuwar kafin komai. Daga nan kusan duk tsibirin na gabanka, gonaki da ƙauyuka har bakin teku, kuma nan za ka gane abin da ya sa aka yi ginin. A 1551 rundunar Daular Usmaniyya ta ci wurin, ta kwashe mutum wajen 5,000 bayi zuwa Tarabulus. Har zuwa 1637 doka ce mutanen tsibirin su kwana cikin ganuwa. Wanda ya ji labarin hare-haren Ningawa a bakin kakanninsa na kudancin Kano, yadda ake baro gona a ruga gari kafin a rufe ƙofa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ka leƙa rumbunan hatsin da aka fafe cikin dutse, da tsohon kurkuku, inda fursunoni suka kankare hoton jiragen ruwa da tafin hannu a bango.

Abin da bai kamata ya wuce ka ba shi ne dutsen kabarin Maimunatu. Ka tambayi ma'aikatan gidan tarihi su nuna maka. Rubutun Larabci ne na Kufi, na wata Musulma da ta rasu a 1174, kuma duk wanda ya yi allo zai tsinci bisimilla a samansa. Harshen mutanen ma daga Larabci ya samo asali, ka saurari ƙirgensu a kasuwa za ka ji.

Abinci kuwa, tsiran da suke ɗurawa a hanji na alade ne, zomo kuma da giya suke dafa shi. Ka tsaya kan burodi, kifi da cukun tumaki da suke kira jibeina. Babban masallacin ƙasar yana Pawola, a babban tsibirin, don haka ka taho da alwala da dardumarka. Shaguna da dama kan rufe da azahar sai yamma, sayayyar tsaraba ka gama ta da hantsi.