Yadda Iyaye Za Su Jure Idan Ɗansu Ya Tafi Horon Sojan Ruwa na Amurka

Duk wanda ya shiga rundunar sojan ruwa ta Amurka a matsayin kurtu, wuri ɗaya ake kai shi: sansanin Great Lakes da ke arewa da birnin Shikago, a gaɓar tafkin Mishigan. Tun 1911 ake horar da kurata a can, kuma tun da aka rufe na Orlando da na San Diego a shekarun 1990, shi kaɗai ya rage. Horon na mako tara ne tun farkon 2025, kafin nan mako goma ake yi. Wahalar yaro an san ta, gudu ne da tsawa da rashin barci. Ta iyaye kuwa shiru ce, don haka sai sun koyi zama da shirun nan, su kuma san aikin da ya rage a hannunsu. Abin da zan faɗa ya shafi ɗa namiji da 'ya mace, duk sansani ɗaya suke zuwa.

Na farko, ku gama lissafi tun yana gida. Ku zauna da shi ku san wa zai biya kuɗin wayarsa, inshorar motarsa da duk bashin da ke kansa. Ya rubuta lambobin wayarku da adireshin gida a takarda da hannunsa. In bai iya iyo ba, ya fara koyo yanzu, domin za a sa shi ya diro cikin ruwa daga tsayin ƙafa 10, ya yi iyon yadi 50, ya kuma tsaya a saman ruwa minti biyar. Ranar tafiya in hawaye ya zo, ya zo. Amma maganar ƙarshe da zai ji daga bakinku ta zama sa albarka, kada ta zama "wa zai kula da mu?"

Na biyu, ku shirya wa kiran farko. Daga filin jirgin sama na O'Hare da ke Shikago ake ɗaukar su a bas, kuma sau da yawa cikin dare suke isa. Zai kira, amma kiran ba ya wuce ɗan lokaci kaɗan: ya iso lafiya, za ku ji daga gare shi nan gaba, shi ke nan. Muryarsa za ta fito a sandare saboda akwai mai horarwa tsaye a kansa. Ba fushi yake yi ba, ba kuma wani abu ya same shi ba. Ku bar wayar a kunne kusa da ku, ku ɗauki ko wace lamba ce ta shigo, ku saka ta a lasifika don uwa da uba su ji tare. Kada ku ɓata daƙiƙun nan da tambayar ko ya ci abinci. "Mun ji ka, Allah ya yi maka albarka" ta wadatar.

Na uku, ku karɓi shirun. Bayan wannan kira za a iya yin makonni ba ku ji muryarsa ba. Kwanakin farko na gwajin lafiya ne, allurai, aski da rabon kaki. Idan wani abu mai girma ya faru, za a neme ku. Kiran sansanin kullum ba zai haɗa ku da shi ba. Abin da za ku jira shi ne wasiƙar hukuma da ke ɗauke da adireshinsa, lambar "jirginsa", wato ginin da yake kwana, lambar rukuninsa da ranar yaye su.

Na huɗu, ku rubuta wasiƙa, ku yi ta rubutawa. Wannan shi ne babban aikinku, kuma ni a ganina duk sauran matakan ba su kai shi ba. Ku fara tun ranar da ya tafi, ku tara su, adireshi na zuwa ku aika. Ku sa wa kowace lamba da kwanan wata, don ba lallai su isa a jere ba. Farin ambulan kawai, ba turare, ba ƙyalƙyali, ba abinci ko kwalin kaya, domin irin wannan yana jawo wa kurtu idon masu horarwa. Ku haɗa masa da kan sarki da ambulan mai adireshinku.

Me za a rubuta? Ƙananan labarai: ƙaninsa ya ci jarrabawa, ƙungiyar ƙwallonsa ta yi nasara, kakarsa ta tambaye shi. Yaron da ya wuni ana kiran sa da sunan mahaifi cikin tsawa, in ya buɗe takarda ya ga sunan da uwarsa ke kiran sa da shi, wannan kaɗai na iya riƙe shi mako guda. Rigimar gida da labarin kewar da ta hana ku barci, ku ajiye su.

Ku kuma shirya wa wasiƙarsa ta farko. Tana iya zuwa cike da nadama: "Mama, na yi kuskure, ina so in dawo." Zuciya za ta tsinke, dole. Amma ku duba kwanan watan da ke sama. An rubuta ta ne kwanaki da dama da suka wuce, a lokacin da ya fi kowane tsanani, kuma mai yiwuwa kafin ta iso hannunku ya riga ya saba. Kada ku amsa da "to ka dawo". Ku ce masa kun ji, kun san da wuya, kuna kuma da tabbacin zai iya.

In rasuwa ko ciwo mai tsanani ya auku a gida, hanyar da aka tanada ita ce ƙungiyar Red Cross ta Amurka. Ita ke tantance labarin ta isar wa shugabanninsa, su kuma su yanke ko zai zo. Ku ajiye cikakken sunansa, ranar haihuwarsa da lambar rukuninsa a wuri ɗaya.

Na biyar, kada ku manta da na gida. Ƙannensa ma suna kewa, ku ba su takarda su yi zane ko rubutu. Uba ma yana ji, ko da bai faɗa ba, a tambaye shi. Idan damuwa ta hana ɗayanku ci da barci har tsawon makonni, a ga likita.

Na shida, ku shirya wa yaye da taka-tsantsan. Gwajin ƙarshe shi ne Battle Stations, kusan awa 12 cikin dare a kan USS Trayer, wani jirgin yaƙi na kwaikwayo mai tsawon ƙafa 210 da aka gina cikin ɗaki, inda suke kashe gobara da toshe ɓular ruwa. Wanda ya ci, sai a musanya masa hular kurtu da ta sojan ruwa, ya kira gida ya faɗa da bakinsa. Sai dai ciwo ko faɗuwa gwajin motsa jiki na iya sa a mayar da yaro wani rukuni na baya, ranar yaye ta canza. Wannan ba kora ba ce. Shi ya sa tikitin jirgi da ɗakin otal su zama waɗanda ake iya sauya wa rana. Shi zai ba da sunayen baƙinsa, adadinsu kuma ƙayyadadde ne, don haka ku daidaita wa zai je tun da wuri, kowa ya riƙe katin shaida mai hoto. Da yawa washegari suke wucewa makarantar koyon aikinsu, saboda haka ku bar ranar yayen gaba ɗaya dominsa, kada ku sa jirgin komawarku a yammacinta.