Yadda Ake Zirga-zirga a Garin Shaƙatawa na Bakin Teku

Galibin garuruwan shaƙatawa na bakin teku a miƙe suke. Babban titi ɗaya ne yake bin gaɓa, sauran lunguna kuma suna haurawa tudu daga jikinsa. Duk lokacin da hanya ta rikice maka, ka gangara kawai, za ka tarar da ruwa. Wahalar tana farawa ne idan ka bar gari ka nufi sauran gaɓar, don haka ga yadda za ka shirya.

Mataki na farko: taka garin da ƙafa. Ranar da ka sauka, kada ka yi gaggawar hayar komai. Bi titin gaɓa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ka gane tashar bas, da wurin da jiragen ruwa ke tsayawa, da ofishin masu yawon buɗe ido. Kafin ka bar masauki ka sauke taswirar yankin a Google Maps yadda za ta buɗe ba tare da intanet ba, domin a gindin duwatsun gaɓa sabis yakan ɗauke.

Mataki na biyu: nemi jadawalin cikar ruwa da janyewarsa. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe, domin a nan baƙo ke rasa ransa. A yawancin gaɓoɓin duniya teku yana cika sau biyu, ya janye sau biyu a kwana ɗaya. Tsakanin cika da cika kimanin awa 12 ne da minti 25, shi ya sa lokacin yake jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Rairayin da ka taka jiya da hantsi, bayan kwana shida ko bakwai ruwa ne zai kwanta a kansa a daidai wannan lokaci. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taya shi, kuma cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu.

Wuri ya bambanta da wuri. A Bahar Rum da ƙyar za ka lura da sauyin, amma a mashigin Fundy na Kanada ruwa yakan hau har mita 16. Hanyar motar da ke shiga tsibirin Lindisfarne a Ingila kuwa, teku na shafe ta sau biyu a rana. In za ka bi rairayi zuwa wani lungu, ka fita lokacin da ruwa ya fara ja da baya, ka juyo kafin ya soma dawowa. Kana tafe kana waiwaye, saboda ruwa yakan bi ta ƙananan kwaruruwa ya zagayo ta bayanka, kai kuwa kana tsaye a busasshen yashi kana ɗaukar hoto.

Mataki na uku: san motar ƙarshe. Ɗauki hoton jadawalin bas a tasha, ka duba wadda za ta dawo da kai tun kafin ka duba wadda za ta kai ka. Jadawalin lokacin hutu daban yake da na sauran watanni, na Lahadi ma sau da yawa daban. Jirgin fito kuma iska ce ke iko da shi, in ta taso sai a soke tafiya. Kada ka tsallaka tsibiri ana jajibirin komawarka gida. A ƙaramin kwale-kwale, ka sa rigar ceto ka ɗaure igiyarta, ko da matuƙin bai ce komai ba.

Mataki na huɗu: keke ko mota. Ga zirga-zirgar kusa keke ya fi mota sauƙi, musamman da yake wuraren ajiye mota suna cika tun da safe. Ka gwada birki kafin ka biya. Ka fara tafiya kana fuskantar iska tun da sauran ƙarfinka, ta turo ka a hanyar dawowa. In ka yi hayar mota, ka tabbatar da hannun da ake tuƙi, don a Ingila da Malta ta hagu ake bi, sannan kada ka shigar da ita cikin rairayi.

Mataki na biyar: hanyoyin kan dutse da shiga ruwa. Bakin tsaunin gaɓa yakan zaizaye ta ƙasa alhali samansa na nan da ciyawa lafiya lau, saboda haka ka tsaya kan hanyar da aka fitar. In zafi ya sa ka sha'awar iyo, shiga tsakanin tutoci masu ja da rawaya, inda masu ceto ke sa ido. Jar tuta zalla na nufin kada a shiga. Kafin ka fita, gaya wa mai masauki inda ka nufa da lokacin da za ka dawo, ka kuma adana lambar gaggawa ta ƙasar a wayarka. A ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce.