Inji na hawa yana sauka: kurakuran da ake yi a kan sondi lamda

Ranar wata Litinin wani Alhaji ya shigo garejinmu da Corolla, dawowarsa ke nan daga Tasawa, ransa a ɓace. Mota na tsaye, amma allurar juyin inji ta ƙi zama wuri ɗaya: ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar, ta gangaro kamar za ta mutu, ta sake haurawa. A kan kwalta kuma ƙafarsa na wuri guda a kan totur, motar na fizga tana saki kamar dokin da ake ja wa linzami. Ya ce, "Malam, sondin nan sau biyu ina canza shi, kuɗi kawai nake zubarwa." Na ce, "Alhaji, yi haƙuri, bari mu ji abin da sondin yake faɗa tukuna." Ba mu yi rabin awa ba muka tarar tiyon iska ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. An bar jaki ana ta dukan taiki.

Sondi lamda, wanda makanikan Katsina da Kano suke kira oksijin sensa, ɗan ƙarfe ne mai kama da buji da ake ɗaurawa a bututun hayaƙi. Kamfanin Bosch ne ya ƙera shi, Volvo ta fara sa shi a motocinta a 1976. Aikinsa ɗaya ne: ya shinshini hayaƙi, ya gaya wa kwamfutar mota yawan iskar oksijin da ta rage bayan mai ya ƙone. Injin isansi yana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. In iska ta yi yawa, wutar da sondin ke aikawa ta sauka wajen volt 0.1, in mai ya yi yawa ta hau wajen 0.9. Da wannan rahoton kwamfuta take ƙara mai ko ta rage. To ka ga ɗan aike ne. Yakan lalace, ba musu, amma sau da yawa gaskiya yake faɗa game da ciwon da ke wani wuri dabam.

Kuskuren da na fi gani yanzu ya zo ne tare da na'urar bincike, wadda muke kira balis. A jona ta, ta fitar da P0171, yaro ya ga kalmar sondi a bayanin, ya ce wa maigida a sayo sabo. Lambar nan ba ta ce sondi ya mutu ba. Cewa ta yi mai ya yi kaɗan a kan iska, kuma kwamfuta ta yi ta ƙari har ta kai iyakarta. P0172 kishiyarta ce, mai ya yi yawa. Lambobin da suke nuna shi kansa sondin su ne irin P0133, wato ya yi sanyin jiki wajen amsawa, da P0135, wato wayar da ke ɗumama shi ta samu matsala. Ko a nan ma sai an duba fiyus da soket da wayar da ke bi ta gefen salansa, domin zafi yana narka ta, ɓera ma yana cin ta a motar da ta daɗe a ajiye.

Akwai tambayar da ba ta cin ko dala, amma ba a yin ta: yaushe motar take wannan halin, da sanyin safiya ko bayan ta yi zafi? Sondi ba ya fara magana sai ya kai zafin da ya haura digiri 300. Kafin nan kwamfuta ba ta sauraron sa, da lissafin da ke cikinta take ba da mai. Saboda haka injin da ya fara hawa da sauka tun daga juya makulli na farko da asuba, da wuya laifin ya zama na sondi. In kuwa yana tashi lafiya, sai bayan ƴan mintoci ya fara rawa, to sondin ya shiga jerin waɗanda ake zargi. Sannan a kula, ɗan motsin allura lokacin da na'urar sanyaya mota ta kama ko ta saki ba ciwo ba ne.

Inda nake son makanikai ƴan'uwana su fi tsayawa shi ne ɓarauniyar iska. Yawancin motocin da muke hawa a Maradi sun yi shekaru a Turai ko Amurka kafin su sauka Kwatano, sannan suka zo suka haɗu da zafin Afrilu da Mayu. Roba ba ta jure wannan, sai ta bushe ta tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: iskar da ta kutsa ta tsagar ba ta bi ta ma'aunin iska ba, kwamfuta ba ta san da ita ba. Sondi ya kai ƙara cewa mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara, inji ya haura, ta rage, ya gangaro. Hawa da saukar ke nan. A duba babban tiyon da ke tsakanin filtar iska da papiyon, wato ƙofar da totur ke buɗewa don iska ta shiga inji, a lanƙwasa shi da hannu a leƙa cikin naɗe-naɗensa. A duba ƙananan tiyon da ke kan inji, da wanda ya tafi wajen birki, da gaskit ɗin bakin shigar iska. A ralanti, wato inji na aiki ba a taka totur ba, kunne mai natsuwa yakan ji wurin da ya tsage yana tsuwwa. Wasu na fesa maganin wanke karbireta a wuraren da ake zargi, in sautin inji ya canza an gano wurin. Dabarar tana aiki, amma abin mai kama wuta ne, kada a yi ta kusa da salansa mai zafi.

Balis ɗin ma tana iya nuna wannan, in an wuce shafin lambobi an shiga inda take nuna yawan gyaran man da kwamfuta ke yi. Ƙari ko ragi da bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, lafiya lau ne. In ƙarin ya yi yawa a ralanti, amma da ka taka totur zuwa juyi 2500 ya sauko, ɓarauniyar iska ce kusan ko da yaushe. In kuwa a ralanti ƙalau yake, sai an taka ya hau, to ka koma wajen famfon mai, filtar mai, ko ma'aunin iska. Wannan gwajin na minti biyu ya fi sayen kaya uku a kan zato.

Sai ƙurar hunturu. Filta ta toshe, a bubbuga ta a jikin taya, a hura mata iska har ta huje, a mayar. Na sha ganin motar da aka cire mata filtar gaba ɗaya wai don ta sha iska. Ƙurar tana zuwa ta kwanta a kan siririyar wayar ma'aunin iska, ya fara ba da lissafin ƙarya, ta kuma haɗu da tururin mai ta yi dauɗa a bakin papiyon. Papiyon ana wanke shi, sai dai a wasu motocin kwamfuta na buƙatar sake koyon ralanti bayan wankin, kada a tsorata in ya ɗan hau da farko. Ma'aunin iska kuwa ba a taɓa wayarsa da yatsa ko tsumma ko buroshi, yana da maganin feshinsa na musamman.

Batun mai ba sai na tsawaita ba. Wanda yake shan na kwalba a bakin hanya ya san wani lokacin akwai ruwa ko laka a ciki. Ruwa ba ya tsami banza: in fizgar ta fara ne bayan shan mai, daga tanki za a fara. Haka buji da ya ci ya ƙare, in silinda ɗaya ba ta ƙona manta, iskar da ba ta ƙone ba tana fita ta ruɗi sondi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne rikita sondi na gaba da na baya. Yawancin motocin zamani masu katalizer, wato tukunyar da ke tace hayaƙi a jikin salansa, suna da biyu aƙalla. Na gaba, wanda ke kusa da inji, shi ne kwamfuta ke bi wajen ƙara mai ko rage shi. Na baya, babban aikinsa gadin katalizer ne. Motoci da yawa suna isowa hannunmu an riga an kwashe abin da ke cikin katalizer ɗin an sayar, sai fitilar gargaɗin inji ta kama da P0420, a tura mai mota ya sayo sondin baya. Ko goma ya saya fitilar za ta dawo. Sannan in salansa ta huje a gaban sondi na gaba, tana zuƙo iskar waje, shi kuma ya ce mai ya yi kaɗan. Mai walda ne maganin wannan.

To, in duk an wanke waɗannan, ga yadda ake kama sondin da kansa. A bar inji ya yi zafi sosai, a riƙe shi a juyi 2000 zuwa 2500, a kalli wutarsa a balis. Lafiyayye yana kai da kawowa tsakanin 0.1 da 0.9 da sauri, kusan sau ɗaya a daƙiƙa ko fiye. Wanda ya gaji yana jan jiki, ko ya maƙale wajen 0.45. A taka totur farat ɗaya, ya kamata ya hau. A saki, ya faɗo. Amma a yi hattara da Toyota da yawa na bayan shekarar 2000: sondinsu na gaba wani iri ne, balis tana nuna shi wajen volt 3.3 kuma ba ya lilo irin na tsohon. An zubar da lafiyayyu da yawa saboda rashin sanin wannan.

Kada a cire kan batir don a kashe fitila kafin a karanta lambobin, shaidar ce ake gogewa. Kada a zare soket ɗin sondi a bar mota haka don ta daina rawa, mai za ta yi ta sha, buji ya yi baƙi. Jiƙa shi a isansi ba ya tayar da wanda ya mutu. In za a saya, a tafi da lambar da ke jikin tsohon, domin araha ba ta ado, kuma mai waya huɗu da mai waya huɗu ba lallai su zama iri ɗaya ba. A kuma tambayi abin da ya kashe na farkon: injin da ke cin baƙin mai, ruwan lagireto da ke shiga silinda, ko gam ɗin silikon da aka lafta a gaskit, kowannensu zai kashe sabon ma. Da sifana 22 ake kwance shi, inji da ɗan ɗumi-ɗumi, a zare soket tukuna don kada waya ta murɗe. Bayan an ɗaura a goge lambobin, a hau hanyar Madarunfa a je a dawo da balis a jone, a ga ko gyaran man ya sauko ƙasa da kashi 10 kafin a miƙa wa mai mota makullinsa.