Idan taya na cizon allo: kurakuran masu hawan siketbod

Kana tafe a kan siketbod, wato allon katako mai ƙananan tayoyi huɗu, ka karkata za ka sha kwana, sai allon ya tsaya cak kamar an taka birki, kai kuwa ka wuce gaba da tafin hannu. Sau da yawa ba tsakuwa ba ce. Kifa allon ka duba daidai saitin taya. Idan ka ga tabo mai kama da jinjirin wata inda fenti ya goge, to taya ce ta taɓa katako. 'Yan wasan a Amurka cizon taya suke ce masa, sunan kuwa ya dace.

Abin da kusan kowa ke yi da farko shi ne ya ɗauki sufana ya ɗaure babban notin da ke tsakiyar tirok, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, har sai ya ƙi juyawa. Cizon zai ragu, amma allon ya daina shan kwana, kuma an matse robobin bushin biyu da ke ƙarƙashin notin. Za ka ga sun kumbura sun leƙo ta gefen wosha, ba da jimawa ba su tsage. Ɗaurin da ya dace kaɗan-kaɗan ake yi: kwatan juyi, ka hau ka gwada, sannan ka ƙara. Idan sai da zaren bolti ya fito da tsawo a saman noti kafin cizon ya tsaya, to bushin ɗin ne ya yi maka laushi.

Nan ne mutane ba sa dubawa. Bushin yana da lambar tauri mai ƙarewa da harafin A. Wanda ke zuwa da yawancin tirok yana kusa da 90A, wanda ya ishe yaro ko mara nauyi. Ƙato mai jiki ya nemi 95A ko sama, sai ya samu ya sassauta noti ba tare da allon ya kwanta a kan taya ba. Zafi ma yana sa robar ta yi laushi. Allon da ya yi lafiya lau da sanyin hunturu yana iya fara cizo a watan Afrilu, musamman idan a but ɗin mota yake wuni.

Sai zancen girman taya. Wanda kwaltar unguwarsu ta farfashe yakan sayi manyan tayoyi masu laushi, milimita 58 ko 60, kuma bai yi laifi ba, don sun fi haye tsakuwa. Kuskuren shi ne ɗaura su a kan gajeren tirok da aka ƙera don taya mai milimita 50 zuwa 53. Daga 55 zuwa sama, a sa faifan roba tsakanin tirok da allo. Mai kaurin inci 1/8, kusan milimita 3, ya isa ga taya 55 zuwa 57. Mai inci 1/4 ga wadda ta kai 60. Kada dai a zarce. Duk ɗagawar da ka yi, ƙafar da kake turawa da ita sai ta ƙara miƙewa kafin ta kai ƙasa, allon kuma ya ƙara rawa.

Wanda ya sa faifan kuma yakan manta da sukurorin da ke ɗaure tirok da allo. Na inci ɗaya da ke kai ba lallai su kama roban da ke cikin noti ba, a hankali jijjiga ta kwance su. Faifan 1/8 yana son sukuru mai inci 1 da 1/8, na 1/4 yana son mai inci 1 da 1/4.

Goga kyandir a kan tabon dabara ce ta gaske: taya za ta zame maimakon ta kame. Amma santsi kawai ya ƙara, tazarar tana nan yadda take, kuma ƙura na cinye shi. Masu kankare wurin da samfefa kuwa su tuna yawancin alluna fallen katako bakwai ne aka manne. Ka ci biyu ko uku, ka raunana shi daidai inda nauyi ke sauka.

Wani lokacin ma kayan lafiyarsu ƙalau, sauka ce ba daidai ba. Wanda ya yi tsalle ya dira da nauyinsa duk a dunduniya ko a yatsu, dole gefe ɗaya ya nutse. Ƙafa a kan sukurori ake dira, gwiwa a lanƙwashe.

Bayan kowane gyara, kada a gwada shi da gudu. Ɗora allon a kan darduma ko ciyawa, ka dafa bango, ka danna gefe ɗaya da dukkan nauyinka, wani ya tsuguna ya leƙa. Idan fensir na iya shiga tsakanin taya da katako, ka juya ka danna ɗaya gefen, a kuma leƙa tayoyin gaba da na baya duka, don bushin gaba da na baya ba sa lalacewa tare.