Yadda Ake Gwada Tsohuwar Motar Tsere da Ta Zamani a Hanyar Ƙauye

Samarinmu na Ringim sukan ɓata dare a majalisa suna musu kan Ford Mustang, wai tsohuwa da sabuwa wacce ta fi. A waya suke ganinsu. In kai Allah ya hore maka har za ka saya, ga yadda za ka auna su.

Da farko ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinsu. Motar tsere a kwance take, ta zamani kuwa har da roba a goshi da ke kusan lasar ƙasa. Ka tuna burjin garinku da damina, da tudun rage gudu na bakin kasuwa. Wadda salansarta za ta riƙa karta ƙasa ta faɗi tun nan.

Sai ka buɗe bonet. Mustang ta farko, wadda ta fito a Amurka a 1964, kafireta gare ta. Bakanikenku na gindin darbejiya zai kwance ta, ya wanke da fetur, ya mayar kafin la'asar. Ta 2015 zuwa yau kwamfuta ke raba mata mai, wata ma injinta silinda huɗu ne mai turbo, lita 2.3. Ta fi ƙarfi, ta fi tsimin mai, amma ranar da fitila ta kama a gaban sitiyari sai an kai ta Kano an jona mata na'ura. Man 'yan bumburutu ma ba ta yafe shi. Tsohuwar kuwa ta sha ta yi tari ta wuce.

Na uku, ka taka burki a kwalta inda babu mutane ko dabbobi. A nan tsohuwar ke jin kunya. Yawancinsu burkin ganga ne, babu jakar iska, babu abin da ke hana taya kullewa. Ranar kasuwar Maigatari, shanu na tsallaka titi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin ka biya, ka shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ka tambayi kuɗin fitila da famfon mai na kowacce. Duk biyun sai an yi oda, shi ya sa kawuna ke cewa a bar shi da Fijo 504 ɗinsa haɗin Kaduna. Yana da hujja, irinta ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975.

Ni dai ta zamanin zan ɗauka saboda burki, in ajiye ta a gidan yayana a Dutse har ruwa ya ɗauke.