Ga ƙannena matuƙa jirgi masu shirin tafiya ƙasar Larabawa

Sati biyu kenan ina Kano hutu kuma wallahi ban samu na ci gurasa cikin natsuwa ba, duk inda na zauna sai wani ya turo min ƙaninsa ko ɗan yayarsa, wai ya gama makarantar tuƙin jirgi ta Zariya ko Ilorin, ya ɗan taɓa aiki da kamfanonin gida, yanzu Larabawa sun kira shi. Jiya bayan isha'i a majalisarmu ta Fagge wani yaro ya miƙo min waya yana nuna albashin da aka rubuta masa, har ya buga lissafi da farashin Wapa, ya fara tambayar kuɗin fili a Bompai. Nace ƙanina ka karanta sauran shafukan? Yace Yaya ai turancin lauyoyi ne kawai. Kamar na kai masa mari, saboda abin da nima na faɗa kenan a 2017.

Hannunku dai bana shakka. Garin nan jirgi ya fara sauka a Najeriya tun 1925, makarantar Zariya tana yaye mutane tun bayan kafa ta a 1964, kuma duk wanda ya saba neman titin filin Malam Aminu Kano cikin hazon Janairu ba simileta, na'urar gwajin tuƙi mai kwaikwayon jirgi, ce za ta ba shi tsoro ba. Gwajin lafiya, jarrabawar turancin matuƙa mataki na 4, katin zama, duk za ku wuce. Kawai kafin ka bar gida ka tabbatar littafin awannin tashinka yana da hatimin duk kamfanin da ka yi wa aiki, ka nemi NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta tabbatar wa hukumar can lasisinka, takardar aurenka kuma ta bi ta ma'aikatar harkokin waje a Abuja da ofishin jakadanci, in ba haka ba Hajiya za ta daɗe a Kano tana jiranka.

Toh kwantiragi. Nan na sha wuya.

Wannan babban adadin da kake gani a sama ba albashinka bane, tarkace ne aka haɗa: tushen albashi, kuɗin gida, kuɗin mota, kuɗin awannin tashi, alawus ɗin kwanan waje. Kuɗin awanni kuma daga sanda jirgi ya motsa ne zuwa sanda ya tsaya, zaman da kayi kana jiran fasinja ko kana gida cikin yunifom a ko-ta-kwana yawanci babu ko sisi a ciki. A Daular Larabawa, wato ƙasar su Dubai, dokar ƙwadago tana lissafa garatuti ne a kan tushen albashin kaɗai, kwana 21 duk shekara a shekaru biyar na farko, bayan nan kwana 30. Kaga in kamfani ya ƙanƙanta tushen ya kumbura alawus, kai kana murna shi kuma yana maka sakiyar da ba ruwa. Eh babu harajin albashi, dirhami kuma a ɗaure yake da dala a kan dirhami 3.67 duk dala ɗaya, wannan gaskiya ne, amma cefanenka da kuɗin makarantar yara ai ba da naira za ka biya ba, ka daina min lissafin Wapa dan Allah.

Sai takardar ɗauri, wadda muke cewa bon. Sun koya maka sabon jirgi da kuɗinsu, kai kuma ka sa hannu za ka zauna shekara kaza. Nawa shekara 3 ne. Ban tambayi ko kuɗin yana raguwa wata-wata ba, na ɗauka ai dole haka ne. Ina wata na 30 wani kamfani ya neme ni da aiki mafi kyau, na shiga ofishin kamfaninmu da fara'ata ina tunanin sauran wata 6 zan biya, matar ta juyo min da takardar ta ɗora yatsa a kan layin, cikakken kuɗin zan biya ko da saura kwana ɗaya. Na fito na zauna a mota na fi minti ashirin ban kunna ba. Na haƙura na zauna, sai ga korona a 2020, su da suka hana ni tafiya su suka sallame ni, garatutin da aka lissafa a kan ɗan tushen nan ko kuɗin kwashe kaya bai gama biya ba. Bizarka kuma a jikin aikin take, ana soke ta a lokacin kwana 30 gare ka.

Kuma kar kace za ka kai ƙara ƙungiya. A gida muna da NAAPE, ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirgi, komai lalacewa akwai wanda zai yi magana. Can a Daular Larabawa da Saudiyya babu ƙungiyar ƙwadago, abin da ka sa wa hannu shi ne uwarka shi ne ubanka. Manyan kamfanoni ma basa ciniki, tsarinsu ɗaya ne ga kowa, ƙanana da masu jigilar kaya ne ake ɗan ja da su, to a nan ka tambayi notis wata nawa, wa ke biya in likita ya dakatar da lasisinka, tikitin hutu har Kano ne ko a Legas za a ajiye ka, sannan yaushe ake duba mataimaki ya zama kyaftin. In sun ce maka kar ka damu, kace su rubuta. Ka tuna kuma duk kamfanin da ka koma daga ƙasan layi za ka fara, ko da furfurarka.

Mai gidan haya ma nasa daban. Can ba kamar nan bane da za ka ce Alhaji a ƙara min sati biyu. Cek ake rubutawa na shekara, ɗaya ko biyu ko huɗu, ga kuɗin ajiya ga la'adar dillali, in Dubai ne kuma sai an yi rajistar takardar haya da ake cewa Ejari kafin a jona maka wuta. Sanda aka sallame ni cek biyu nawa suna hannun mai gida, a lokacin kuma cek ya dawo babu kuɗi maganar ƴan sanda ce, sai a 2022 aka sassauta dokar. Ƴan uwanmu Hausawa na kasuwa ne suka haɗa min, wani ɗan Kantin Kwari da ko sunan mahaifina bai sani ba ya biya ɗaya yace in na samu na kawo. Mutanenmu kam Allah ya saka musu, amma kar ka tafi da niyyar su za su ɗauke ka.

Aikin kansa, ƙa'ida awannin tashi ba sa wuce 100 cikin kwana 28, kuma in ana rububi kusa da nan za su kai ka, tashin ƙarfe biyu na dare, Sallah a otal, simileta duk wata shida. In ka gaji ka rubuta rahoton gajiya, kar kunyar Bahaushe ta sa ka shiga jirgi kana gyangyaɗi.

Talata zan koma. Wanda ke da kwantiragi a hannu ya buga shi a takarda ya same ni a majalisa bayan isha'i, duka shafukan, ba hoton shafin albashi ba. Yaron jiya ma nace ya dawo, har yanzu dai ban gan shi ba.