Tallafin karatu ga ɗaliban Falasɗinu: a duba takardar tafiya kafin a cike fom

Ɗalibin Kano ko Damagaram da ya samu tallafin karatu a ƙasar waje, abin da ya rage masa biza ne da tikiti. Bafalasɗine kuwa yana iya samun gurbi a babbar jami'a, an biya masa komai, amma shekarar karatu ta wuce yana zaune don babu ƙofar fita. Saboda haka aikin farko shi ne ka san wace takarda ce a hannunka, da ta inda za ka bi ka fita. Zaɓen tallafi yana zuwa ne bayan wannan.

Idan kana Gaɓar Yammacin Kogin Jordan da fasfon Hukumar Falasɗinawa, hanyarka gadar Karama ce, wadda ake kuma kira gadar Sarki Husaini, daga nan sai filin jirgin Amman. Ana rufe gadar ba sanarwa, don haka ka ƙetare kwana biyu ko uku kafin ranar tashin jirginka. Idan mazaunin Gabashin Ƙudus ne kai, ka yi hattara: abin da kake riƙe da shi izinin zama ne, kuma Isra'ila tana iya soke shi idan ka kai shekara 7 a waje ko ka karɓi takardar zama ta dindindin a wata ƙasa. Digiri na biyu na shekara ɗaya ba ya kai ka wannan iyaka, amma mai shirin haɗa na biyu da na uku ya nemi shawarar lauya tun kafin ya tafi, ya riƙa dawowa gida, ya adana shaidar cewa zamansa yana Ƙudus. Ɗan gudun hijira a Lebanon da ke da takardar tafiya maimakon fasfo, ya tambayi masu tallafin a rubuce ko suna karɓar ta. Kada ya ɓata lokaci a kan tallafin DAFI na hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, domin waɗanda ke ƙarƙashin kulawar UNRWA, hukumar da ke kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, galibi ba sa cikinsa.

Lamarin Gaza ya fi na kowa nauyi. Tun daga Oktoban 2023 yaƙi ya rusa ko ya lalata jami'o'in zirin, har da Jami'ar Musulunci da ta Al-Azhar, kuma a Mayun 2024 sojojin Isra'ila suka karɓe mashigar Rafah da ke kan iyakar Gaza da Masar. Bizar Birtaniya tana buƙatar ɗaukar zanen yatsu, cibiyar da ke yin wannan aiki a Gaza kuma ta rufe. Sai a 2025 Birtaniya ta fara fitar da wasu ɗalibai masu cikakken tallafi zuwa Jordan aka ɗauki yatsunsu a can. Darasin da ke ciki shi ne, wanda ke Gaza ya fi mayar da hankali ga tallafi cikakke wanda gwamnati ko jami'a ke tsaye a bayansa, don su ne ke da bakin da za su sa sunansa a jerin masu fita. Ranar da aka ba ka gurbi, a ranar ka nemi alkawarin ɗage maka shi zuwa baɗi idan hanya ta ƙi, kuma ka karɓe shi a rubuce.

Ga mai takardar Tawjihi, wato ta kammala sakandare, da ke neman digirin farko, babbar ƙofa ita ce Türkiye Bursları ta gwamnatin Turkiyya. Ana buɗe ta daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, tana biyan kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya, tikiti da alawus na wata, da shekara guda ta koyon Turkanci. Shekarunka su kasance ƙasa da 21 don digirin farko, ƙasa da 30 don na biyu, ƙasa da 35 don na uku. Ana son maki 70 cikin ɗari a digirin farko, 75 a na gaba, amma likitanci da dangoginsa sai 90. Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne cika duk zaɓinsu da likitanci a Istanbul da Ankara. Ka sa jami'o'in ƙananan garuruwa, ka sa fanni na biyu da za ka iya karantawa da zuciya ɗaya.

A digiri na biyu Birtaniya ce ta fi yawan ƙofofi. Chevening, wanda ɗalibanmu ma suka sani, ana buɗe shi a Agusta. Yana son aikin sa'o'i 2,800, kimanin shekara biyu ke nan, da zaɓen kwas uku, da alkawarin komawa gida na shekara biyu. Aikin sa kai yana shiga lissafi, don haka wanda ya yi watanni yana koyar da yara a tanti ko raba kayan agaji ya ƙirga sa'o'insa, ya karɓi wasiƙa daga ƙungiyar da ya yi wa aiki. Gidauniyar Saïd tana ɗaukar 'yan Falasɗinu, Siriya, Jordan da Lebanon, haka ma akwai gurbin Rhodes na waɗannan ƙasashe huɗu a Oxford. HESPAL na British Council an ware shi ne don ma'aikatan jami'o'in Falasɗinu irin su Birzeit da An-Najah, kuma yana bi ta hannun jami'ar. A Turai akwai DAAD ta Jamus, da Erasmus Mundus mai alawus na Yuro 1,400 a wata da karatu a ƙasa biyu ko fiye. Fulbright na Amurka ta hannun ƙungiyar AMIDEAST yake bi, sai dai tun 2025 Amurka ta tsananta hana biza ga masu fasfon Hukumar Falasɗinawa, don haka kada kowa ya ɗora duk fatansa a can.

Takardu su ne ke cin lokaci. Shaidar digiri da takardar sakamako suna buƙatar hatimin ma'aikatar ilimi, sannan na ma'aikatar harkokin waje, sannan fassarar mai lasisi. Ka ɗora fasfonka kusa da kowace takarda ka bi sunan harafi bayan harafi. Mohammad a nan, Muhammed a can, ko sunan kaka ya fito a ɗaya ya ɓace a ɗaya, ya isa a tsayar da biza makonni. Wanda takardunsa suka ƙone ko suka salwanta a ƙarƙashin gini, ya tuntuɓi ofishin rajistar jami'arsa ta intanet, ya faɗa wa jami'ar da yake nema gaskiyar abin da ya faru, ya tambaye ta abin da za ta karɓa a madadi. Kowace takarda ka samu, ka ɗauki hotonta ka ajiye a wuri biyu a intanet. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu yake aiki, yawancin kwasa-kwasan digiri na biyu kuma 6.5 suke nema. Inda babu cibiyar jarrabawa, jami'o'i da dama suna karɓar jarrabawar Turanci ta Duolingo da ake yi daga gida, amma tana son wuta, kyamara da intanet da ba za ta yanke ba na kusan sa'a guda.

A rubutun neman tallafi, masu tantancewa sun san halin da ƙasar ke ciki, kuma kowane mai nema ya ɗanɗana. Ka ba wahalar layi biyu ko uku, sauran ka faɗi abin da ka yi da hannunka: mutum nawa ka haɗa, me ya tsaya, yaya ka warware shi, wane kwas ne zai ba ka abin da ka rasa. Malaman da za su rubuta maka wasiƙar shaida ka sanar da su wata biyu kafin lokaci, ka tanadi na uku ko da wayar ɗaya ta daina shiga. Fom kuma a tura shi mako guda kafin ranar rufewa.